Ranar da Gwaggo Ta Wanke Mini Teku

Ni ban taɓa ganin teku ba. Har yau ruwa mafi girma da idona ya gani shi ne tafkin Jabi, shi ma ta tagar mota. Amma na taɓa haɗa teku da hannuna a falon Gwaggo da ke Gudu, tsakanin firji da kabad ɗin kwanuka, kuma wanda duk ya ce ƙarya nake ya zo ya ga tabon gishiri a bango, yana nan bai fita ba.

Abin ya faro ne daga waya. Ina aiki a wani shagon caja da murfin waya a kasuwar Gudu, in babu kwastoma kallon bidiyo nake yi. Wata rana na ci karo da wata halitta an rufe ta a cikin kwalba. Ba ta da ƙashi ko ɗaya, kai ne kawai da idanu da hannuwa takwas. Ina kallo ta manna hannuwan a murfin daga ciki, ta murɗe shi, ta fito ta yi tafiyarta kamar wadda ta gama biyan kuɗin haya. Na maimaita bidiyon nan har wayata ta mutu. Kafin in tashi daga aiki na riga na yanke cewa sai na ajiye irinta a gida. Haka nake, in abu ya shiga raina ba na kwana da shi ina juyawa.

A bayan layin masu tayil akwai wani mutumin Filato mai sayar da kifin ado. Kowa oga yake ce masa. Na shiga na nuna masa hoton na ce, “Oga, wannan nake so. Nawa ne, kuma yaushe zan zo in ɗauka?”

Ya kalli hoton, ya kalle ni, ya yi dariya har da riƙe ciki.

“Ƙanwata, wannan ba tarwaɗa ba ne fa. Oktopus ne. Ruwan teku yake sha.”

“To a kawo ruwan tekun.”

“Daga ina? Daga Karmo?”

Da ya ga ban yi dariya ba sai ya jawo mini kujera. Ya ce akwai ƙananansu, waɗanda in sun dunƙule ba su fi ƙwan kaza ba, kuma yana da aboki a Legas da ke samo su jefi-jefi. Ya ce ba sa daɗewa a duniya, ko an kula da su yadda ya kamata da wuya su wuce shekara. Sannan ya ce ba zai bari a ɗoro ta a mota ba sai ruwana ya nuna. Na ce ruwa kuma mangwaro ne da zai nuna? Ya ce in je in haɗa tukuna, zan gani.

Gwaggo ƙanwar babana ce, a wurinta nake zaune tun da na gama sakandare. Dambun nama take yi tana kai wa ofisoshi. Ban taɓa ganin mai tsabta irinta ba. Gindin tukunyarta za ka iya duba fuskarka a ciki. Sabulu ma in ta gama wanki da shi sai ta ɗauraye shi kafin ta ajiye. In kuwa aka ce mata baƙo zai zo, to ranar babu mai zama, labule zai sauko, kujeru su fita waje, har bayan firji sai an shiga.

Ranar da aka kawo akwatin gilashin, tsawonsa ya kusa kamu biyu, ta tsaya a ƙofar kicin da ludayi a hannu.

“Ke ’yar nan, wannan kuma na mene ne? Biredi za ki fara sayarwa?”

“Teku zan haɗa, Gwaggo.”

“Allah ya ba da sa’a. Kada dai ki jiƙa mini kafet.”

Na jiƙa kafet ɗin kuwa. Ruwan famfo ba ya yi, sai tatacce daga masu yin fiya wata, jarka-jarka. Gishirin ma ba na miya ba ne, wani ne na musamman a buhun roba, ana auna shi da wani ɗan ƙarfe da ake ɗiga masa ruwa a leƙa kamar mai hangen wata. Na shimfiɗa farin yashi a ƙasa. Sai duwatsu, masu ramuka kamar soso, da suka zo daga Legas a naɗe cikin jiƙaƙƙiyar jarida, suna wani ƙarni da ya sa Gwaggo ta toshe hanci da mayafi. Na jera su na yi mata ɗakuna da lunguna, na rushe, na sake jerawa, don ban yarda baƙuwata ta zo ta tarar da gini irin na ’yan kwangila ba. Na saka injin da ke juya ruwa, na jona shi da batirin solar da Gwaggo ke kunna firji saboda ɗauke wuta. Na ɗora ’yar fanka tana hura saman ruwan don zafin Abuja kada ya dafa mini dabba. Murfin kuwa na bi kowace kafa na toshe da raga da salatif, don oga ya ce ramin da bakinta zai shiga, to duk jikinta zai bi.

Da na kunna injin ruwan ya fara motsi, ihu na yi. Na yi rawa a tsakar falo ni kaɗai. Na ɗauki hoto na tura wa oga na rubuta masa, a turo ta gobe.

Amsar da ya ba ni ita ce in jefa ɗan guntun jatan lande a ciki in bar shi ya ruɓe.

Washegari na je shagon da faɗa. Ya ce in zauna. Ya ce duk abin da ke raye a ruwa yana kashi a ruwan, kashin nan kuma guba ne. A teku akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, suna zaune cikin duwatsu suna cinye gubar. Nawa duwatsun akwai su kaɗan, sai sun hayayyafa sun cika ko’ina kafin ruwan ya iya riƙe rai. Jatan landen abincinsu ne. Na ce zai kai yaushe? Ya ce makonni. Na ce makonni nawa? Ya ɗaga kafaɗa.

Ban taɓa jiran abu irin wannan jiran ba. Ni da ko indomi ba na bari ta gama dahuwa. Kullum in zan tafi aiki sai in ɗebi ruwan a wata tsohuwar kwalbar maganin tari in kai masa, ya ɗiga wani magani a ciki ya girgiza. In ya zama kore, da sauran guba. In ya zama ruwan ɗorawa, ya nuna. Kore, kore, kore. Har ya kai in ya hango ni daga nesa sai ya ɗaga murya, “Mai teku ta iso! A ba ta hanya!” Masu tayil su kwashe da dariya. Ko a jikina.

A gida kuwa akwatin ya fara canzawa. Farin yashin ya yi wani ja-ja kamar an barbaɗa masa garin kunu. Gilashin ya yi dusu-dusu. Duwatsun suka fitar da gansakuka, wani wurin kore, wani wurin shuɗi-shuɗi. Wata safiya na haska tocila na ga wasu ’yan mitsi-mitsin abubuwa farare suna gudu a jikin gilashin kamar ƙwarƙwata. Na fasa ihu har Gwaggo ta fito da gudu ta ɗauka gobara ce.

“Gwaggo, duba! Rai! Akwai rai a ciki!”

Ta sunkuya ta duba, ta miƙe, ta yamutsa fuska.

“Wannan ai ƙazanta ce.”

“Kada dai ki taɓa.”

“Ni me zai kai hannuna cikin wannan kwata?”

Ba ta taɓa ba kuwa. Amma na sha kama ta tana wucewa da tsumma a hannu tana satar kallonsa, kamar mai azumi a gaban mai suya.

Ranar da ruwan ya zama ruwan ɗorawa, sai da na sa oga ya sake gwadawa. Ya sake, ɗorawa. A gabana ya kira abokinsa na Legas, aka ce akwai guda ɗaya, lafiyayya, tana cin abinci, za a sako ta a motar jibi. Ban san yadda na isa gida ba. Na faɗa falo ina tsalle.

“Gwaggo, baƙuwarmu na zuwa jibi! Jibi-jibin nan!”

“Baƙuwa?” in ji ta. “To, madalla. Allah ya kawo ta lafiya.”

Washegari da yamma na dawo daga aiki da ƙananan ƙaguwa a leda, abincin tarbar baƙuwa. Tun daga ƙofar gida na ga labulenmu a kan igiya. Kujeru a waje. A gefen kujerun, an shimfiɗa buhu a rana, an jera wasu fararen duwatsu tas-tas a kai, kamar an fere doya.

Na tsaya. Na san duwatsun nan. Ni na jera su da hannuna.

Falon yana ƙamshin sabulu. Akwatin yana ƙyalli, ban taɓa ganin gilashi mai haske irinsa ba. Yashin fari fat. Ruwan garau, har da ’yar kumfa a gefe. Gwaggo tana tsaye kusa da shi, hannuwanta sun yi jawur saboda dirza, fuskarta cike da murna.

“Kin gani? Tun safe nake kansa. Duwatsun nan sai da na sa burushin waya, dattin ya shige ramukan. Yashin kuwa wanki uku na yi masa da garin sabulu kafin ya yi fari.”

“Ruwan fa?”

“Na zubar da wancan mai warin. Na tara sabo a famfo, na zuba gishiri. Kada ki damu, na ɗanɗana, ya ji daidai.”

Na zauna a ƙasa, ledar ƙaguwar ta kufce, suka bazu a kan tayil suna gudu a karkace. Na buɗe baki zan yi ihu sai dariya ta fito. Na yi dariya har hawaye, daga nan hawayen suka ci gaba su kaɗai ba dariyar.

“Gwaggo, kin kashe su. Kin kashe su duka.”

“Su wa? Ba kin ce sai gobe za ta zo ba?”

“Ba na ce kada ki taɓa ba?”

“Ai ban taɓa ba sai da kika ce baƙuwa za ta zo. Ke yanzu a gidana za a sauke baƙo a cikin wannan ƙazantar? A ce daga Legas aka taso, a zo a tarar da gansakuka? Ba a gidana ba.”

Na tashi na koma kasuwa a guje kafin oga ya rufe. Na gaya masa abin da ya faru, na ce ba komai, ina da sauran gishirin kirki, zan haɗa sabon ruwa yau, a turo ta kawai. Ya ce a’a. Na ce dabbata ce. Ya ce sabulun da ya shiga ramin dutse ba ya fita, ko da ya fita ruwan ɗanye ne, in aka saka ta ba za ta ga jibi ba, shi kuma ba zai sa hannu a kisa ba. Ya kira Legas don a dakata. Abokin ya ce shi ba zai iya ajiye ta ba, akwai wani mai otal da ke nema, in ban shirya ba zai ba shi, kuma bai san ranar da zai sake samun wata ba.

Ranar ban ci tuwo ba. Gwaggo ta ajiye mini a rufe.

Da safe ina shirin fita na gan ta ta sha babban mayafinta na zuwa biki, da jaka a hannu.

“Mu je ki nuna mini mutumin nan.”

A shagon oga ya miƙe ya ba ta kujerarsa. “Mama, sannu da zuwa. Ke ce kika wanke teku?”

“Ni ce, ɗan nan. Yanzu ka yi mini bayani yadda zan gane, don wannan yarinyar ba ta iya magana ba sai ihu.”

Ya kai ta gaban nasa akwatin na ruwan gishiri, ya zaro wani soso daga cikin injin, baƙi ƙirin, yana ɗigar da wani ruwa mai kauri. Ya ce wannan dattin da take gani shi ne ran ruwan. Ya ce in aka ɗauki kaɗan daga tsohon ruwa aka sa a sabo, sai ya yaɗu ya kama ko’ina, sabon ma ya zama mai kyau.

Gwaggo ta ƙura wa soson ido. Can sai ta tafa hannu.

“Au! Kindirmo ke nan. Sai an zuba tsohon nono a sabuwar madara take kamawa.” Ta juyo kaina. “Ke kuma me ya hana ki ce mini iri ne? Kika tsaya kina kada ki taɓa, kada ki taɓa. Wa zai wanke ƙwaryar iri?”

Oga ya ce zai ba mu soson, ya kuma ara mana duwatsu daga nasa akwatin, hakan zai rage jiran sosai. Saura mutumin Legas. Gwaggo ta ce a kira mata shi. Mutumin ba ya jin Hausa, ita ba ta jin Yarbanci, Turancinta kuma bai wuce na ciniki ba. Wannan bai hana ta komai ba. Ta karɓi wayar ta gaishe shi, ta tambayi iyali, ta tambayi aiki, ta tambayi ruwan sama a can wajensu, oga yana gefe yana fassarawa yana share hawayen dariya. Sannan ta ce laifin nata ne ba na yarinya ba, kuma amana take ba shi ya riƙe mata baƙuwarta. Ta tambaya ko ya taɓa cin dambun naman Arewa. Aka ce bai taɓa ba. Ta ce to ya je tasha gobe.

Ranar ba a kai wa ofisoshi dambu ba. Bokiti guda ta cika, ta ɗora kwalbar turaren wuta a kai don matarsa, aka sa a motar Legas. Bayan kwana biyu ya kira da kansa. Abin da na iya tsinta a maganarsa shi ne “Mama” da “no wahala”. Mai otal ya nemi wata.

Soson nan kuwa a kular abincinta Gwaggo ta ɗauko shi, wadda ko ni ba ta bari in taɓa, ta rungume ta a cikin keke napep tana ce wa direba ya bi a hankali. Muka zubar da yashin, muka ɗauraye gilashin da ruwa zalla har hannuna ya gaji, muka sake haɗa komai. Fararen duwatsun da ta dirza suka koma abin tokare ƙofa.

Jira na biyu ya fi sauƙi don ba ni kaɗai nake yi ba. Gwaggo ta zama mai gadin datti. Duk safiya sai ta sa tabarau ta leƙa ta ce, “Ya fara kamawa.” Wata maƙwabciyarmu ’yar Binuwai ta shigo gaisuwa, ta ga gilashin ya yi dusu-dusu, ta ja bakin zaninta za ta goge daga waje ma, Gwaggo ta daka mata tsawa daga kicin.

Da ruwan ya sake zama ɗorawa, tare muka je tasha. Direba ya miƙo mana wata ’yar kula ta farin soso an naɗe ta da salatif. A gida na buɗe. Leda ce a kumbure, da ruwa kaɗan, da guntun bututun roba a ciki. A cikin bututun, ido ɗaya yana kallona.

Na kasa ko ihun.

Oga ya ce kada in juye ta kai tsaye, sai na riƙa ɗiga mata ruwan akwatin kaɗan-kaɗan har ta saba. Na fara ɗigawa, na ga abin ba ya sauri, na kai hannu zan ƙara. Gwaggo ta riƙe mini wuyan hannu.

“Zauna. Mutum ya sha hanya.”

Ta ɗauko kaskon turaren wuta, har ta sa garwashi, sai ta tsaya ta kalle ni. “Wannan fa? Yana kashe iri?” Na ce ban sani ba, amma injin yana jan iskar ɗaki. Ta fita da shi baranda ta turara takalmanmu.

Da muka saki baƙuwar, ta zubo daga bututun kamar an tsiyaye koko, ta taɓa yashi, ta koma kalar yashin, ta shige wani rami da ko yatsana ba zai shiga ba. Shi ke nan. Kwana da kwanaki ba mu sake ganin ta ba. Maƙwabta suka yi ta zuwa ganin baƙuwa suna tarar da duwatsu. Wani ya tambaye ni ko na tabbata ba a damfare ni ba. Ni kaina na fara tunanin ko ta mutu a ciki. Sai dai duk ƙaguwar da na jefa da yamma, da safe babu ita.

Gwaggo ce ta fara lura. Wata safiya ta kira ni ta nuna mini bakin wani rami. Ɓawon ƙaguwa ne a tare wuri ɗaya, an ture su waje, gaban ramin kuma an share yashin ya yi sumul.

“Kin gani? Shara take fitarwa.”

Ranar da magariba, mun idar da salla ba mu kunna fitila ba tukuna, muna zaune a gaban akwatin. Sai ga ɗan siririn hannu ya fito daga ramin yana lalube. Sai na biyu. Sai idanu. Ta fito gaba ɗaya, ta yi ja, ta yi fari, ta yi ɗigo-ɗigo, duk a cikin numfashi ɗaya. Na cusa mayafi a baki don kada ihuna ya kore ta, ƙafafuna suna ta buga ƙasa su kaɗai. Ta ɗauki wani ɓawo da ya gangaro kusa da ƙofarta, ta kai shi can gefe ta ajiye, ta dawo ta hura ruwa a bakin ramin, yashi ya tashi.

Gwaggo ta matsa ta ɗora yatsanta mai lalle a jikin gilashin. Dabbar ta tsaya. Ta miƙo hannu ɗaya ta manna shi daidai wurin yatsan daga ciki. Gwaggo ta ja yatsan gefe, hannun ya bi.

“Sannu da zuwa,” in ji Gwaggo a hankali. “Kin same mu lafiya?” Sannan ba tare da ta juyo ba ta ce mini, “Wannan ta fi ki tsabta. Tashi ki ɗauko mata ƙaguwa, kuma kada ki wanke hannu da sabulu.”